Belin 'Yar Fari

Shekarata goma sha bakwai ina aikin lauyan gwamnati, irin waɗanda ke tsaya wa marasa ƙarfi kyauta, kuma wallahi ba a taɓa kunyata ni a gaban alƙali kamar yadda Inna Asta ta kunyata ni ba. Wai kuma shaidata ce. Ni da kaina na je har rugarsu na ɗauko ta, na zaunar da ita a gaban motata, na saya mata ruwan leda.

Bari in faro daga farko. Zuwaira 'yar tallar nono ce, shekararta ashirin da huɗu, daga wata ruga da ke bayan Tsaskiya. Wata rana ta dawo daga kasuwar Batsari da ragowar fura a ƙwarya da ƙullin gishiri da man ja a kwalba, aka tare ta a wani shingen bincike. Aka ce abincin nan 'yan bindiga za ta kai wa a daji. Hujja? Bafulatana ce, kuma hanyar gidansu ta gefen daji ta bi. To ta ina za ta bi, ta sama? Shi ke nan aka wuce da ita. Lokacin da na gan ta a gidan yari, a zagayen da nakan yi a sashen mata, watanta goma sha huɗu a ciki, ba a taɓa karanta mata tuhuma da harshen da take ji ba. Ta rame, ga wani busasshen tari da ke naɗe ta kamar tabarma.

Zama huɗu na yi ina neman belinta. A zama na farko fayil ya ɓata. A na biyu aka ga fayil, motar gidan yari ba mai. Na uku ma kada a tambaye ni. A na huɗu alƙali ya gaji da ganin fuskata ya ba da beli, amma da sharaɗi guda: uwarta ko ubanta, ba wani ba, ya zo ya tsaya a gaban kotu ya tabbatar da bakinsa cewa 'yarsa ce, kuma zai riƙa kawo ta duk ranar shari'a.

Uba ya rasu. Mijin Zuwaira ya bi shanu kudu tun kafin a kama ta, ba waya ba labari. Saura uwa. Na ce alhamdu lillahi, abu ya zo da sauƙi.

Na bar motata a Safana na hau mashin zuwa rugar. Inna Asta doguwar dattijuwa ce, siririya, ba ta da yawan magana. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta dama mini fura, ta tambayi hanya, ta tambayi mutanen gida, ta tambayi ruwan bana a wajenmu. Na karanta mata takardar rantsuwa tun daga sama har ƙasa. Duk inda na ce Zuwaira sai ta gyaɗa kai. Na ce, “Inna, kin yarda za ki tsaya wa Zuwaira?” Ta gyaɗa kai. Ta dangwala babban yatsa. A hanyar dawowa har waƙa nake yi a bayan mashin. Ban lura ba ko kaɗan cewa ni kaɗai na yi ta kiran sunan nan.

Ranar zama, kotu ta cika. Aka fito da Zuwaira aka tsayar da ita a akwatin waɗanda ake tuhuma. Aka kira Inna Asta, ta tsaya, ta yi rantsuwa tsaf, Hausarta tangaran.

Alƙali ya ce, “Baiwar Allah, kin san wadda ke tsaye can?”

Ta ɗaga kai ta kalli fankar da ke sama. Ta ce, “Na san ta.”

“Wace ce?”

Na ɗan yi gyaran murya.

Ta ce, “Yarinyar Goggo ce.”

“Wace ce kuma Goggo?”

“Uwar mai gidana. Allah ya yi mata rasuwa.”

Alƙali ya ajiye biro. “Ba wannan na tambaye ki ba. Ke kika haife ta?”

Sai ta ja gefen mayafi ta rufe baki.

“To mene ne sunanta?”

Ta cikin mayafin ta ce, “Ai mutane sun sani.”

Inna lillahi! Ji na yi zufa ta keto mini ta ƙarƙashin rigar lauya. Kafin in miƙe, Barista Abdulmumini, mai gabatar da ƙara, ya riga ni. Mutum ne da in ya samu dama sai ya gyara gilashi tukuna.

Ya ce, “Ya mai shari'a, kotu ta ji da kunnenta. Matar da aka kawo a matsayin uwa ba ta amsa haihuwa ba, ba ta ma san sunan wadda ake tuhuma ba. Ban san inda abokiyar aikina ta samo ta ba.”

Aka yi dariya a baya. Alƙali ya ɗage zama zuwa mako uku, ya kuma ƙara da mugun labari: zaman da ke tafe shi ne zamansa na ƙarshe a kotun, an yi masa canjin wurin aiki. Duk wanda ya san aikinmu ya san ma'anar haka. Sabon alƙali, sabon fayil, a sake komawa farko. Wata shida in an yi sa'a, ga yarinya tana tari.

Muna fita harabar kotu na sauke mata kwandon masifa. Allah ya yafe mini, ta girme ni, amma a ranar ban san da wannan ba.

“Inna! Me na yi miki? Me yarinyar nan ta yi miki? Kalma biyu fa! 'Yata ce, Zuwaira. Shi ke nan!”

Ta bari sai da na gama tas. Sannan ta ce, a hankali, “Lauya, ta fari ce.”

“To sai me?”

Ta dube ni irin duban da ake yi wa wanda ya shiga masallaci da takalmi. “A gaban maza? A gabanta?”

Ni fa haifaffiyar Batsari ce. Na san kunyar ɗan fari, wa bai san ta ba? Kakata har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunan babban kawuna ba, sai dai ta ce “wancan.” Amma a kaina abin na tsakar gida ne, na ranar suna da biki. Ban taɓa kawowa za a shigo da shi kotu ba, a kan yarinyar da ta shekara a kulle. Shekara goma sha bakwai ina shirya shaidu, ina koya musu inda za su tsaya da yadda za su ce “ya mai shari'a,” amma ban tambayi mace ko za ta iya furta sunan 'yarta ba. Haushin kaina ya fi na Inna yawa, sai dai ita ce a gabana.

Kashegari na je gidan yari. Na zauna da Zuwaira ina ta huci, ina ba ta haƙuri a kan abin da uwarta ta yi.

Ta ce, “Adda, ai na san ba za ta faɗa ba.”

“Kin sani?”

“Tun da aka yaye ni Goggo ta ɗauke ni. Ban taɓa jin sunana a bakinta ba.”

“To don Allah me ya hana ki gaya mini?”

Ta sunkuyar da kai. “Ba ki tambaya ba, Adda.”

Kai! Na ce wannan zuri'a sai ta sa mini hawan jini kafin in yi ritaya.

Na shiga neman wata hanya. Na je wurin mai unguwar da rugar ke ƙarƙashinsa, in samo takarda cewa ya san Asta ce ta haifi Zuwaira. Ya tarbe ni da fara'a, ya yi mini addu'a mai tsawo, yana jin kalmar 'yan bindiga ya tuna cewa hatiminsa yana wurin ƙaninsa a Yasore. Na koma bayan kwana uku, ƙanin ya yi tafiya. Ban ga laifinsa can can ba, kowa tsoron sa hannu yake a irin wannan magana, amma dai na so in jefe shi da jakata.

Na rubuta takarda ina roƙon a sassauta sharaɗin, a karɓi Arɗo Jafaru, shugaban rugar, a madadin uwa. Alƙali ya kira mu ofishinsa, ni da Abdulmumini. Na yi bayanin al'adar tun daga tushe kamar ina koyar da 'yan aji ɗaya. Ya bar ni na gama.

Ya ce, “Barista Naja'atu, ni ma ɗan fari ne. Ba sai kin koya mini ba.”

“To ranka ya daɗe, tunda ka sani…”

“Ni na sani. Takarda ba ta sani ba. Abin da ke rubuce shi ne an tambayi mace ko ita ta haifi yarinya, ta yi shiru. In na saki wadda ake zargi da kai wa 'yan daji abinci a kan wannan, gobe sunana ne a bakin mutane. Ki kawo ta ta faɗa da bakinta, magatakarda ya rubuta, in sa hannu a take.”

Abdulmumini ya gyara gilashi ya ce shi ma ba shi da ja in ta faɗa. Sannu da ƙoƙari, na ce masa a zuciyata.

Ba yadda na iya, na sake komawa rugar. Damina ta zauna sosai, hanyar bayan Tsaskiya ta zama kunu. Sau biyu mashin yana kayar da mu, na isa da taɓo har gwiwa, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Na sami Inna Asta a gindin bukka tana burga nono. Arɗo Jafaru, tsoho mai farin gemu, ya zo ya zauna nesa kaɗan a kan turmi, don a wurinsu ba a barin baƙo ya yi magana mai nauyi ba babba a kusa.

Muka gaisa. Muka sake gaisawa. Ya shanu, ya sauro, ya gajiyar rannan.

Na ce, “Inna, saura kwana tara. In ba ki faɗa ba, alƙalin nan zai tafi, ita kuma za ta zauna.”

Maburgi yana ta juyawa a tafin hannunta.

Arɗo ya ce, “Hajiya Lauya, ki yi mana haƙuri. Abin nan da kike gani, *semteende* muke ce masa, wato kunya. Ba ƙiyayya ba ce. Mace ta tsaya cikin taro ta ce ga ɗiyata ta fari, ta kama sunanta, kamar ta tuɓe zane ne a tsakiyar kasuwa. Uwarta ba ta yi ba, kakarta ba ta yi ba. In ta yi, da wane ido za ta dubi matan rugar nan?”

“Baffa, matan rugar nan ne ke kwana a kan siminti?”

Ya shafa gemunsa.

Na juya wurinta. “Inna, tari take yi. Shekaranjiya ma'aikaciyar da ke kula da su ta ce mini ta ga jini a gefen ɗankwalinta.”

Maburgin ya tsaya. Na ƙirga numfashina uku. Ya ci gaba da juyawa.

Nan fa na fita hayyacina. Na ce, “To ki ci gaba da burga nononki! In aka kawo miki ita a makara, sai mu ga ko kunyar za ta zauna ta karɓa miki gaisuwa!”

“Subhanallahi!” in ji Arɗo, ya miƙe tsaye. “Hajiya, a gidanta kike.”

Gaskiyarsa. Na ji nauyin abin da na faɗa, na ce a yafe mini, amma ban janye ba, don ba ƙarya na yi ba. Na roƙi Inna mu shiga bukka mu biyu. Ta bi ni. Na ja asabari na rufe ƙofa, na durƙusa a gabanta da taɓona da komai.

“Ba kowa. Ni kaɗai ce, ni ma ɗiyarki ce. Ki gwada sau ɗaya. Zu-wai-ra.”

Ta buɗe baki. Na ga maƙogwaronta ya motsa. Wallahi ta gwada, na gani da idona. Ba abin da ya fito. Ta rufe bakin, ta share gefen ido da bayan hannu kamar hayaƙi ne ya shige shi, alhali ba wuta a ɗakin.

Ta ce, “Zan zo.”

“Za ki faɗa?”

“Zan zo, Lauya.”

Abin da na samu ke nan, bayan faɗuwa biyu a taɓo.

Ranar zama na ƙarshe ƙarfe tara ta yi ba Inna. Goma ta yi. Na roƙi a jinkirta kiran ƙararmu, aka jinkirta. Na fita bakin titi sau nawa ban sani ba. Sai wajen sha ɗaya da rabi ta shigo, ƙafafunta fututu da busasshen taɓo. Ashe rafi ya kawo, masu mashin sun ƙi tsallakawa, ta tako da ƙafa tun bayan sallar asuba har inda ta samu mota. Na ja hannunta muka shiga.

Aka sake rantsar da ita. Alƙali ya yi magana da taushi fiye da rannan.

“Baiwar Allah, tambaya biyu ce. Wadda ke tsaye can, ke kika haife ta?”

Inna Asta ta kalli ƙasa. Na riƙe gefen tebur har yatsuna suka yi zafi. Ina addu'a, ina zagi a zuci, duk a lokaci guda.

Alƙali ya sake tambaya. Shiru. Ya dube ni, na kawar da kai. Ya ja numfashi ya ɗauki biro.

Sai murya ta fito daga inda ban zata ba.

“Ranka ya daɗe, a bar ta.”

Zuwaira ce, daga cikin akwati.

Alƙali ya ce, “Ba a ba ki izinin magana ba.”

“A yi haƙuri. A bar ta haka nan, kada a sa ta. A mayar da ni, zan iya.”

Na juya na watsa mata harara. Za ki iya me? Wata biyar ina yawo a kan fayil ɗinki! Ta so ta ƙara magana, tari ya sarƙe ta, ta dafa katako ta duƙa. Ma'aikaciyar gidan yari ta matso ta kama damtsenta don ta fita da ita.

“Ni na haife ta.”

Ban ma gane muryar ba da farko. Inna Asta ba ta ɗago kai ba, amma ta sauke mayafin daga bakinta.

Alƙali ya tsayar da biro. “Sunanta?”

Leɓunanta suka motsa. Ni da ke kusa na ji. Magatakarda kuwa, Allah ya shirye shi, ya ɗago ya ce, “Ya mai shari'a, ban ji ba.” Da ina da abin jifa a hannu da ya ji.

Alƙali ya ce, “Ki ɗan ɗaga murya, Inna.”

Ta ɗago kai. Ba ta kalli alƙali ba, ba ta kalli fanka ba. Ta dubi akwatin kai tsaye.

“Zuwaira. Sunanta Zuwaira. Ɗiyata ce ta fari. Ku ba ni ita.”

Zuwaira ta sulale ta zauna a ƙasan akwatin, ta rufe fuska da hannu biyu. Ba wanda ya yi dariya a baya wannan karon. Alƙali ya dubi Abdulmumini, Abdulmumini ya ɗan miƙe rabi ya ce ba shi da ja, ko gilashin bai taɓa ba. Aka sa hannu.

Cike takardu ya kai mu har bayan la'asar, don sai da aka nemo wanda ke riƙe da makullin kabad ɗin da hatimi yake ciki. Beli ne kawai, shari'a tana nan gaba, ga asibiti da zan kai ta gobe da safe. Amma dai ta fito da ƙafarta.

Na same su a gindin darbejiyar harabar kotu. Na zaci zan tarar an rungume juna ana kuka. Ina! Inna tana fuskantar gabas, Zuwaira tana fuskantar titi, tsakaninsu bai fi taku biyu ba, kowa ya yi kamar jiran mota yake.

Inna ta ce, “Lauya.”

Na matsa. Na ce to, yau dai zan ji na gode.

Ta yi ƙasa da murya. “Ki tambaye ta, ta ci abinci?”

“Inna! Ga ta nan fa! Ɗazu a gaban mutum hamsin kika…”

Ta kawar da kai. Na ga kunnuwanta ma sun ƙi saurarena. Na dafe goshi, na juya.

“Wai kin ci abinci?”

Zuwaira, idonta a kan titi, hawaye na bin kuncinta, ta ce, “Ki ce mata na ci.”

Na juya wurin uwar. “Ta ce ta ci. Ƙarya take, tun jiya ba abin da ta sa a bakinta.”

Inna Asta ta kwance gefen zanenta, ta fito da wani ɗan ƙulli a leda. Curin fura ne guda biyu, sun lotse, sun sha tafiyar ƙafa tun asuba. Ta miƙo. Ba wa Zuwaira ba, ni ta miƙo wa.

Na so in yi masifa, na fasa. Na karɓa, na yi taku biyun nan, na sa wa yarinyar a hannu.